Na Kai Kunnena Manchester

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wanda ya kawo mota gyara sai ya tambaya, wanda ya zo shan inuwa bakin gareji sai ya tambaya, har mai kunun bakin titi ta tare ni jiya tana cewa, "Malam Habu, wai da gaske can rana ba ta faɗuwa?" To ga shi zan faɗa sau ɗaya, tun daga tushe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi sai ya wanke mini injin mota biyu kafin in amsa.

Kun san mura ce ta jawo komai. Mura ce kamar ta kowa, na sha citta na ci gaba da aiki. Ran nan da asuba na sunkuya zan yi alwala, sai ƙasa ta tashi ta koma sama, buta ta bi ta. Kwana uku ina kwance, in na juya kai sai amai. Da jirin ya lafa, sai na tarar kunnen dama ya toshe, ba abin da ke shiga, sai wani ƙara siriri kamar kukan gyare da ba ya tsayawa. Tun daga ranar duniya ta zame mini kamar ina kallonta daga cikin ruwa. Mutane na magana, ina ganin bakinsu, muryar kuma tana zuwa daga wani wuri daban.

Ku da ba bakanikai ba ne ba za ku gane ba. Shekara ashirin da biyar da kunne nake cin abinci. Mota na shigowa gareji, kafin direba ya kashe ta na riga na san inda ke ciwo. Bayan rashin lafiyar ina jin ƙarar, amma ban san daga ina take fitowa ba. Sau biyu na kwance abin da lafiyarsa ƙalau, mai motar yana tsaye yana kallona. Na biyun ya ja motarsa ya kai garejin gaba. Na ji tsoro sosai, don ban iya wata sana'a ba.

Ƙanena Kabiru, wanda na riƙe tun rasuwar mahaifinmu, yana Manchester a lokacin, gwamnati ta tura shi karatun haɗa magunguna. Aikinsa a kan ganyen wiwi yake. Eh, ku yi dariyarku, ni ma da na fara ji sai da na ce uban wa ya aike shi. Ni da nake korar masu busa ta daga bayan katangar gareji da bulalar fambel, ga ƙanena ya haye teku don ita. Ya yi mini bayani a waya cewa akwai wasu sinadarai a cikin ganyen da ba sa bugarwa, ana duba ko za su kwantar da kumburi a jiki, kuma shi hankalinsa ya fi karkata ga kumburin da ke can cikin kunne. Da ciwon ya same ni na ce masa, "To ai shi ke nan, ka ajiye mini nawa." Ya ce, "In sha Allahu, Yaya." Duk Juma'a yana bugowa ya ce yaya kunnen, in ce da sauƙi. Asibitin kunne ban je ba. Na sayi maganin ɗigawa a kemis, na zauna jiran na Kabiru. Har malamin unguwarmu na tambaya ko ya halatta, ya ce in lalura ce kuma ba ya gusar da hankali, babu laifi.

Wata takwas ana haka, sai ga takardar gayyata zuwa bikin kammala karatunsa. Zancen biza ba zan ɓata muku lokaci da shi ba, layi ne da tambayoyi da hoton da na fito kamar wanda aka kama da akuyar sata. Jirgi ya tashi da mu daga Kano. Da ya fara hawa, kunnen hagu ya ɗauke shi ma, na zauna ba na jin komai, ga gajimare a ƙarƙashinmu shimfiɗe kamar audugar da aka baza a tabarma. Na ce a raina shi ke nan, na biyun ma ya tafi. Wata tsohuwa Bayarabiya da ke gefena ta ga yadda nake danna kunne, ta miƙo mini cingam, ta nuna mini in tauna. Na tauna, kunnen ya buɗe da ƙara ɗaya. Har muka rabu a Holan, inda muka canja jirgi, ban san sunanta ba.

A filin jirgin Manchester jami'in da ke duba fasfo ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Turancina na gareji ne, ya ishe ni sayen kayan gyara, bai ishe ni dogon zance ba. Saura kaɗan in ce na zo karɓar maganin wiwi. Allah ya rufa asiri na tuna Kabiru ya ja mini kunne a kan in nuna takardar bikin kawai, na miƙa masa ita. A gaba kuma aka buɗe jakata aka ga kilishi ƙunshi uku da Inna ta ba ni in kai wa autanta. Suka ce ba a shiga da nama. Na ce ai busasshe ne, suka ce busasshen ma nama ne. Matar da ta karɓa ta yi ta ba ni haƙuri, tana jefa shi a kwandon shara tana ba ni haƙuri. Yaji da kuka da daddawa suka tsira, duk da daddawar sai da suka sansana suka kalli juna.

Kabiru ya rame, ya yi fari, ya tara gemu. Ya durƙusa zai gaishe ni a tsakiyar mutane, na ɗaga shi. Muka hau bas zuwa unguwar da yake, Levenshulme. Gidajen jan bulo ne a jere, kowanne manne da ɗan'uwansa, ƙofa ɗaya taga ɗaya, iri ɗaya sak. Ɗakinsa a sama yake, kan shagon wani Bapakistane mai sayar da nama a Stockport Road. Ya bar mini gado, shi ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Washegari na fita miƙe ƙafa, na dawo na yi ta sa makulli a ƙofar da ba tamu ba, har wata tsohuwar Baturiya ta buɗe da kyanwa a hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta karanta takardar da Kabiru ya sa mini a aljihu, ta riƙe hannun rigata ta kai ni ƙofarmu, gida huɗu gaba.

Zancen rana kuma, tana faɗuwa, sai dai lokacin zafi ne, ba ta gaggawa. Mu ci tuwon semo da miyar kukar da na kai, mu yi hira, in yi gyangyaɗi in farka, har yanzu gari da haske kuma Magariba ba ta yi ba. Ga yayyafi da ba ya jiƙa mutum sosai kuma ba ya ɗaukewa. Ga motoci suna wucewa ba mai danna ham. Ni da kunne ɗaya da sauran jiri, sai na riƙa jin kamar ban gama farkawa ba tun da na sauka daga jirgi. Na gaishe da mutane a bas, suka dube ni kamar zan roƙe su wani abu. Amma in ka taka mutum, shi ne zai fara ba ka haƙuri. Wannan har yau ban gane shi ba.

Kwana huɗu ina jira Kabiru ya ɗauko maganar magani, bai ɗauko ba. In na kusa tayar da ita sai ya ce bari ya dafa mini shayi. A na biyar na ce, "Kai, ni fa ba shayi na zo sha ba. Kai ni in ga abin nan."

Ya nemi izini, ya kai ni wurin aikinsu a jami'a. Aka ba ni farar riga na ɗora kan kaftani. Na zaci zan tarar da gona a cikin ɗaki, ko aƙalla wari. Babu ganye ko ɗaya, babu warin komai. Ɗaki ne fari mai sanyi, firiji a jere suna gurnani a hankali. Ya buɗe wata ƙaramar ma'ajiya mai makulli biyu, ya sa hannu a littafi, ya fito da kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba. Ruwan ciki kamar ruwan famfo. Ya kai ni gaban madubin ƙara girma, ya ce in leƙa. Na ga wasu ƙananan abubuwa masu sheƙi suna kwance a haske, kamar garin da ake hangowa daga jirgi. Ya ce ƙwayoyin jiki ne da suke rainawa a faranti, suna sa musu kumburi da gangan, sannan su ɗiga ruwan su ga ko zai lafa. Na daɗe ina kallo, don abin ya yi mini kyau.

Na ɗago na karkata kai, na nuna masa kunnen. "To bismilla, ɗiga."

Ya mayar da kwalbar, ya kulle, ya sake sa hannu a littafin. Bai kalle ni ba ya ce, "Yaya, wannan ba a taɓa sa wa mutum a kunne ba. A faranti kawai muke gwadawa. Wani lokaci kumburin ya ragu, wani lokaci ba ya raguwa. Ba mu ma san ko zai ƙara maka wannan ƙarar da kake ji ba. Kafin ya zama magani, in ma zai zama, wataƙila sai mun tsufa."

"Ka ce mini in sha Allahu."

"Na ce."

"Wata takwas, Kabiru."

"Ban iya ce maka a'a ba, Yaya. Ban taɓa ce maka a'a ba. Kuma kullum kana cewa da sauƙi, na ɗauka yana warkewa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da a gareji ne da na jefe shi da sifana. Amma ga Turawa biyu suna aiki a gefe shiru, ga farar rigar mutane a jikina. Na cire ta na ninke, na ce mu tafi gida.

Aka yi biki. Ya sa doguwar riga da hula mai laushi kamar ta masu gasa burodi, aka kira sunansa, Baturen da ke kiran ya murɗe sunan mahaifinmu har ban gane shi ba. Na tafa, na yi hawaye, don ko ina fushi ɗana ne. Da muka fito ya ce ya samo mana ganin wata likitar kunne a Birmingham, ta hanyar wani Alhaji Issaka da suka saba tun zuwansa ƙasar. Na ce duk yadda ya gani.

A jirgin ƙasa muka tafi. Filaye kore shar, tumaki a warwatse ba makiyayi, ba mai gadi. Na yi ta neman mai su ta taga har barci ya ɗauke ni. Alhaji Issaka ya tare mu a tasha. Mutumin zangon Kumasi ne, gajere mai faɗin kafaɗa, ya shekara ashirin yana tuƙa bas a garin. Hausarsa ta zango ce, mace ma "ya zo" yake ce mata, amma ta fi mini daɗi a kan duk Turancin da na sha a mako biyu. Ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa zuwa gidansa a Handsworth. Tun a hanya na ji motar tana wani kuka siriri, na yi shiru don ba a tambaye ni ba. Muna fitowa daga mota iska ta kwaso wani wari da na sani sarai, daga wata taga a sama. Alhaji ya daki kafaɗata ya ce, "Malam Habu, ga maganin da ka biyo, a nan kyauta ake raba shi a iska. Juyo da kunnen." Kabiru ya sunkuyar da kai, ni kuwa dariya ta ƙwace mini ba da sona ba.

Matarsa Hajiya Mariama ta cika mana faranti da shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, ga taliya a kai, ga dafaffen ƙwai, ga wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito. Na ce wa ya haɗa taliya da wake, ta ce in ci tukuna in yi ƙorafi. Na ci, na nemi ƙari. 'Ya'yansu suka shigo suka gaishe ni da Hausa kalma biyu, suka koma Turancin da ake yi ta hanci.

Da safe muka je wurin likitar. Mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta tambaye ni yaya kunnen, Kabiru na fassara. Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ta rubuta. Ta tambayi jirin, na ce da sauƙi. Ta tambayi ƙarar, na ce da sauƙi. Sai ta sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati, bangonsa duk soso, ta ɗora mini abin saurare a kai, ta ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji sauti. Ban taɓa shiga shiru irin wannan ba. Ta hagu sautuka suka riƙa zuwa ƙanana, daga nesa, kamar tsuntsaye a wani gari, ina dannawa. Da aka koma dama na zauna riƙe da maɓalli ina jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

Ta fito da ni, ta ajiye takardar gwajin kusa da abin da ta rubuta da farko. Ta ce wa Kabiru ya tambaye ni wane sauƙi nake nufi, don ita ba ta ga ko ɗaya ba. Na ce ya gaya mata haka ake cewa. A wurinmu ko mutum na gargara aka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce, don godiya ga Allah da kuma kada ya tayar wa mai gaisuwa hankali. Ta saurara har ƙarshe, ta ce al'ada ce mai kyau, amma ita da abin da aka gaya mata take aiki. Sannan ta yi bayani a hankali. Kumburi ne ya kama can ciki, inda ji da daidaiton tsayuwa suke. Akwai ƙwayoyin rage kumburi da ake bayarwa a makonnin farko, ba sabbi ba ne, a asibitocinmu ma akwai su. Ba kowa suke yi wa aiki ba, amma a lokacin ne kawai ake da dama. Yanzu abin da ya mutu ya mutu. Na hagu lafiyarsa ƙalau, in kiyaye shi daga ƙarar inji, kuma in ya taɓa yin wani abu in je asibiti a ranar, in faɗi gaskiya.

Kabiru yana fassarawa. Da ya kai wurin makonnin farko sai ya tsaya. Na ce, "Ƙarasa." Ya ƙarasa.

Muka koma Handsworth da la'asar. Na zauna a dakalin ƙofar Alhaji ina kallon titi, ina tunanin wa zan sayar wa gareji. Fushin da nake yi da Kabiru ya ragu, don na ga rabin laifin nawa ne. Shi ya ji nauyina ya kasa cewa babu, ni na ji nauyinsa na kasa cewa ba sauƙi, muka yi ta gaisawa da ladabi duk Juma'a har kunne ya tafi.

Alhaji Issaka ya fito da makullin mota. Ya ce, "Malam Habu, an ce kai bakanike ne. Motar nan wata uku tana mini kuka, garejin Turawa sun sa mata kwamfuta sun ce lafiya lau. Duba mini." Na ce masa ai ya ji abin da likita ta faɗa. Ya ce shi bai ji komai ba, yana wurin ajiye mota. Ya tayar da ita ya buɗe bonet.

Na sunkuya. Kukan yana nan, amma daga ko'ina yake zuwa. Na juya kai dama, na juya hagu, duk ɗaya. Kunya ta kama ni. Sai na ce ya ba ni sukundireba mafi tsawo da yake da shi. Maigidana na farko yana yin haka, mu kuwa muna yi masa dariya don muna taƙama da kunne. Na ɗora bakin ƙarfen a jikin inji, na danna mariƙin a ƙashin bayan kunnena. Sautin ya bi ƙarfe ya shigo cikin kaina gaba ɗaya, tas, ba ruwa ba hazo. Rabon da in ji wani abu haka tun kafin murar. Na matsar da shi gaba, kukan ya yi nisa. Na dawo da shi baya, ya matso. Na bi shi taku taku har na tsaya a kan famfon ruwa, nan ya yi ta ihu cikin haƙorana.

"Boris ɗin famfon ruwa ne," na ce. "Canja shi kafin ya watse maka a hanya."

Alhaji ya kashe motar, ya kama famfon ya girgiza, ya ji yana lilo. Ya yi murmushi, amma ba ni yake kallo ba. Ya ce, "Malam Habu, ƙanenka fa tun ɗazu yake maka magana."

Na waiga. Kabiru na tsaye dab da kafaɗata ta dama, idonsa ja. Yaron nan ya karanci kunne shekara huɗu, ya fi kowa sanin ɓangaren da ya tsaya. Na ce me yake cewa. Alhaji ya ce, "Sau uku yana cewa ka yafe masa."

Na ajiye sukundireban a kan batir. Na kama hannun rigarsa da hannuna mai baƙin mai, na zagayo da shi ta hagu.

"Faɗa a nan," na ce.

Ya faɗa, na ji shi sarai. Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Sannan na aike shi ya tambayo Hajiya ko da sauran shinkafar jiya.